Tikitin Safe da Kuɗin Hayar Shago: Haraji, Tazarar Arziki da Tsanin Hawa a Fagge da Sabon Gari

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki kasuwannin ƙaramar hukumar Fagge, wato Kantin Kwari, Singa, Wapa da Kasuwar Sabon Gari, ta auna tsohon musun nan da su: wanda ya tsaya a ƙasa, ragwancinsa ne ya tsayar da shi ko tsarin da ya tarar? Ta bi sawun haraji a tarihin Kano, ta duba yadda yaro ke zama mai shago, sannan ta tambayi wa ke biyan me. Abin da ta riƙe shi ne, haraji a wannan yanki ya fi bin wanda ido ke gani a bakin titi a kan wanda dukiya ke hannunsa, kuma nauyinsa na sauka daidai kan matakalar da mai ƙoƙari ke fara takawa.

Gabatarwa



Wata gardama ce ta haifi wannan takarda. Na ji ta ne a teburin mai shayi a Fagge bayan sallar Magariba, tsakanin wani dattijo mai shaguna a Kwari da wani saurayi da ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, yanzu yana jan Adaidaita Sahu.

Dattijon ya ce, "Ni da kake gani, da dako na fara. Dilar atamfa na yi ta ɗauka har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Ku yaran yanzu hutu kuke so, komai kun ɗora wa gwamnati."

Saurayin ya ajiye kofi ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Amma ranar da ka bar dako, wa ya ba ka kayan farko?"

"Maigidana, Allah ya jiƙansa. Dila biyu ya ba ni, ya ce in na sayar in kawo uwar kuɗi."

"To ni Baba ba ni da maigida. Mai keke gare ni, yana jiran balas da yamma, masu tikiti kuma suna jirana da safe."

Aka yi dariya, aka koma zancen ƙwallo. Ni kuwa na tashi da zancen a raina, don kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ɗaya ba ta kore ta ɗayan ba.

Wannan musu ba namu kaɗai ba ne. Littafin Thomas Piketty na 2013 ya tayar da ƙura a Turai da Amurka da hujjar cewa dukiyar da aka riga aka tara ta fi gumin ma'aikaci saurin haihuwa. A 2012 Alan Krueger ya nuna cewa ƙasashen da tazara ta fi faɗi a cikinsu, a nan ne ɗa ya fi gadon matsayin ubansa. Sai dai su suna aiki da takardun haraji na shekaru aru-aru, inda kusan kowa samunsa a rubuce yake. Mu a nan cinikin miliyoyi kan ƙullu da musafaha da kalmar "Allah ya sa albarka". Dole mu shiga kasuwar da ƙafa.

Filin da ake magana a kai

Fagge zango ce tun asali, inda ayarin fatake da raƙuman Azbinawa ke sauka a wajen ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka gari gida-gida: su a Nasarawa da Bompai, Kwarori da sauran Larabawa a gefen Fagge, baƙin da suka biyo dogo daga Kudu kuma a Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913. Yau Fagge da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce, ƙarama a taswira, mai mutum kusan 200,000 a ƙidayar 2006, amma da rana jama'arta kan ninka saboda masu shigowa neman abinci. A ɗan wannan fili akwai atamfa da shadda a Kwari, sarin kayan masarufi a Singa, canjin kuɗi a Wapa, sai Kasuwar Sabon Gari da babu abin da babu.

Ga kuma hoton jihar baki ɗaya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa ma'aunin talauci a kan Naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, ya ce kashi 40.1 cikin 100 na 'yan Najeriya na ƙasa da shi. A Kano kashi 55 ne da 'yan kai, a Legas kashi 4.5. Rahoton 2022, wanda ya haɗa da lafiya da ilimi da muhalli, ya ƙidaya mutum miliyan 133 a faɗin ƙasa, Kano ce kan gaba a yawan kai da mutum sama da miliyan 10. Wannan jihar ce kuma ta haifi Aliko Ɗangote da Abdussamad Isyaka Rabi'u, biyu daga cikin attajiran da suka fi kowa a Afirka.

Me Bakano ke ji in an ce haraji

Duk wanda zai yi wa ɗan kasuwar Kano wa'azin biyan haraji, ya kamata ya san abin da kalmar ke tuna masa. Tarihin sarakunan Kano ya ce Kutumbi (1623 zuwa 1648) ne ya fara karɓar jangali a hannun Fulani. Ya kuma ce a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) an matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, aka sa malamai ma su biya, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauye. Kusan shekara ɗari uku ke nan da Kano ta gwada wannan darasi a jikinta, wanda Ibn Khaldun ya riga ya rubuta a Muƙaddima tun 1377: in hukuma ta tsawwala, ciniki kan gudu, abin da ake tarawa ya ragu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan da ya yi jihadi a kansu, ko da yake bayan jihadin kuɗin ƙasa da kuɗin karofi ba su ɓace ba.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Dokar Lugga ta 1906 ta tattara kuɗaɗe iri-iri ta mai da su haraji ɗaya, aka buɗe baitulmali, aka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni tarawa, kuma da tsabar kuɗi. Wannan sharaɗi na tsabar kuɗi na cikin abin da ya tura manomi noman gyaɗa da fita cin rani. Sai kuma harajin da ba a kira shi haraji ba: hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 tana sayen gyaɗar manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, wani ɓangarenta gumin da aka yanke ne tun a kan sikeli.

Harajin kai ba ya tambayar samu. In an yanka wa gari, mai garke da mai akuya ɗaya sukan tashi da abin da bai yi nisa da juna ba, wanda ya kasa kuwa ya sha rana a ƙofar dagaci, ko ya sayar da abin da ke rumbu. Ba mamaki NEPU, wadda aka kafa a Sabon Garin nan ranar 8 ga Agusta, 1950, ta sami kunnen talakawa da maganar haraji. Kuma ba mamaki Muhammadu Abubakar Rimi na PRP, da ya hau mulki a Oktoban 1979, ya fara da soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Kuɗin mai ne ya sa hakan ta yiwu. An sauke wa talaka kaya, wannan babu musu. Amma wani abu ya biyo baya da ba a cika faɗa ba: gwamnati ta koma kallon Legas, daga baya Abuja, don kason wata. Mai mulkin da ba ya ci daga aljihunka kuwa, ba ya jin dole ya yi maka bayani.

Kasuwar Sabon Gari sunan Rimi take ɗauke da shi yau. A kewayenta kullum safiya ana yankar tikiti.

Tsanin da ake hawa

Masu cewa "tashi in taimake ka" sukan kawo Alhassan Ɗantata, kuma sun dace da misali. An haife shi a Bebeji a 1877, mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya yi almajirci, ya bi hanyar goro zuwa Gwanja da Ankara, ya tara jari da tsimi da haƙuri. A 1918 kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, kayan raƙumi ashirin na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya rasu a 1955 ana ce masa attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Wanda ya ce wannan duk sa'a ce bai yi masa adalci ba.

Sai dai a ƙarasa labarin. Ɗantata Ba'agale ne, ɗan gidan fatauci, ya tashi cikin mutanen da suka san hanya, suka san masauki, suka yarda da juna da bashi. Dogon da ya kwashe gyaɗarsa zuwa teku ba shi ya shimfiɗa ba. Tattaɓa kunnensa Aliko ya fara a 1977 da jarin da ya samu daga dangi, Abdussamad kuma ɗan Halifa Isyaka Rabi'u ne. Dukansu sun yi aiki tuƙuru, dubban 'ya'yan attajirai sun sami irin wannan dama sun watsar. Amma a kan dandamali suka fara. A nan zan ɗan ratse: rabon gado a Musulunci, tare da yawan magada, yakan farfasa babbar dukiya cikin ƙarni guda, kuma kowa a nan ya san gidajen da suka yi tashe suka kwanta. Abin da ba a rabawa a gaban alƙali shi ne suna, da sanin mutane, da yardar da za a ɗora maka kayan miliyoyi ba takarda. Wannan ne gadon da ya fi tsada a kasuwa.

Ga wanda bai gaji wannan ba, kasuwa ta tanadi tsaninta. A Kwari yaro kan fara da dako ko tura baro, ko ya zama ɗan ka-yi-na-yi, yana tare baƙo a bakin layi ya kai shi shago ya ci la'ada. In Allah ya haɗa shi da maigida sai ya zama yaron shago. Shi ke buɗewa, shi ke shara, shi ke jera kaya, shi ke rufewa. Ba albashi a rubuce, sai kuɗin abinci da na mota, da ɗinkin salla, wani lokaci har aure maigida ke yi masa. Shekaru yana koyon abin da babu makarantar da ke koyarwa: bambance shadda da taɓawa, sanin wane ɗan sari daga Maraɗi ko Ndjamena ke biya a kan lokaci, wane ne sai an bi shi. Ranar da maigida ya gamsu sai ya sallame shi, da jari, ko kaya bashi, ko tebur a gaban shago. A Sabon Gari 'yan ƙabilar Igbo na da tsarinsu da ya fi namu ƙa'ida: ana ɗauko yaro daga gida da sanin iyaye, a yanka shekaru, sau da yawa biyar zuwa bakwai, a ƙarshe a sallame shi da jari a gaban shaidu. Layukan kayan gyaran mota da na lantarki da yawa haka suka hayayyafa, shago na haifar shago.

A wannan tsani halin mutum na da nauyi ƙwarai, kuma ba zan rage masa komai ba. Yaron da ya taɓa aljihun maigida ya gama yawo, don labari a kasuwa ya fi wuta gudu. Wanda ya ci jari da sabuwar waya da kece raini a biki, shi ya jawo wa kansa. Na ga yara biyu a shago ɗaya, maigida ɗaya, aka sallame su shekara ɗaya; yau ɗaya na da yaransa, ɗayan ya koma bakin layi yana tare baƙi. Babu gwamnatin da za a kama da wannan.

Amma tsanin na da ƙofa, kuma ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba. Maigida ɗan'uwansa yake ɗauka, ko ɗan garinsu, ko wanda wani amintacce ya tsaya masa. Almajirin da ya sauka daga motar Kazaure ko Ɗambatta ba wanda ya san ubansa, zai iya shekara goma yana dako. Sallama a tsarinmu alheri ne, ba hakki ba. In maigida ya rasu ko ya karye kafin ranar, shekarun yaro sun bi ruwa. Mace Bahaushiya kuwa kusan ba ta kan wannan tsani sam, tana cikin gida da sana'arta da adashinta, alhali 'yar'uwarta daga Kudu na zaune a rumfarta a Sabon Gari. Sannan matakalar farko kanta ta yi sama. Dila biyun da aka ba Baba Alhaji a zamaninsa, da yawan kayan a Kano da Kaduna ake saƙa su. Yau masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa galibi sun yi shiru, kaya daga Sin suke zuwa, da dala ake sayensu. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Maigidan da a da ke sallamar yaro uku, yanzu yana lissafin yadda shi kansa zai mayar da kayan da ya sayar.

Wa ke biya, nawa, daga me

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suka yi kuskure tare. Masu kare attajirai na cewa talaka ba ya biyan haraji, masu sukar su na cewa a ƙara haraji. Dukansu suna kallon harajin da ke cikin littafin doka. Wanda ke bakin titi daban ne.

A tsaya da safe wajen 'Yankura ko Bata. Mai baro ya yanki tikiti kafin ya ɗauki kayan farko. Mai tebur ya biya kuɗin wuri, ya biya na shara, ya biya na masu gadi, ya biya na ƙungiya. Motar da ta kawo kaya ta biya na sauke lodi. Wani kuɗin na ƙaramar hukuma ne, wani na jiha, wani na ƙungiya, wani kuma ba ya da rasit, kuma mai biya ba ruwansa da bambancin, aljihu ɗaya suke fita. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Duk direban da ya ɗauko kaya daga Dawanau zuwa Kudu zai ba da labarin yadda aka bi ta.

Ga misali da ke a rubuce. A farkon 2021 hukumar KAROTA ta sa wa masu Adaidaita Sahu Naira 100 kullum, abin da ya kai su yajin aiki a watan Fabrairu, gari ya tsaya cik, ɗalibai da ma'aikata suka taka sayyada. Naira 100 ba ta da yawa a baki. Amma in mutum ya fita kwana 300 a shekara, Naira 30,000 ke nan, daidai da mafi ƙarancin albashi na wata guda a lokacin. Kuma a daidai wannan lokaci Dokar Kuɗi ta 2020 ta fara aiki, wadda ta yafe wa mai mafi ƙarancin albashi harajin samu baki ɗaya. Wato doka ta tausaya wa talakan da ke da takardar albashi, ta bar wanda ba shi da ita yana biya tun kafin ya san ko ranar za ta yi kyau. Tikiti ba ya tambayar ciniki. Ranar da aka yi ruwa ba fasinja, kuɗinsa ɗaya ne. Wannan harajin kai ne ya dawo da sabuwar riga, shekara arba'in bayan Rimi.

A ɗora VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Mai cinye duk abin da ya samu yana biya a kan kusan duk samunsa da ya wuce ɗanyen abinci, mai ajiyewa kuwa a kan ɗan abin da ya kashe. A ɗora cire tallafin mai na 29 ga Mayu, 2023, da hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024.

Yanzu a ɗaga kai a dubi benayen. Dukiyar gaske a Fagge da Sabon Gari tana cikin ƙasa da gini: gidajen da aka rushe aka mai da su filaza, shaguna ɗari a fili ɗaya, haya ta shekara a biya gaba ɗaya, ga kuɗin goro kafin a ba da mukulli. A doka kuɗin haya samu ne da ake biya wa haraji, kuma akwai kuɗin ƙasa da na gini. A aikace, babban ɗan kasuwa da ba ya kan albashi ana yi masa ƙiyasi ne, ƙiyasi kuma ciniki ne, wanda ya fi sanin mutane ya fi samun rangwame. Harajin miƙa dukiya da aka kafa a 1979 an soke shi a 1996. Sakamakon yana cikin alƙaluma: a 2023 abin da Legas ta tara a cikin gida ya haura Naira biliyan 800, na Kano bai kai biliyan 40 ba. Gaskiya ne hedikwatocin bankuna da kamfanoni da ma'aikatansu masu albashi a Legas suke. Amma ninki ashirin? Wanda ya taɓa ganin tirelolin da ke sauke kaya a Singa cikin dare ɗaya zai yi shakkar cewa wannan kaɗai ne dalili. Kura ce ke shan bugu, gardi na karɓe kuɗi.

Abin da ke kakkaɓo mai hawa

In aka saurari waɗanda suka hau suka faɗo, ba kasafai ake jin ragwanci a labarin ba. Gobara ake ji, da ruwa, da jinya, da rikici. A Maris na 2016 wuta ta cinye shaguna dubbai a Kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya, makonni kaɗan bayan ta Singa. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa kaya na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa da layukan wucewa. Mazauna Sabon Gari kuma na da nasu lissafin: 1953, 1966, 1991, 2004, shekarun da tarin shekara ashirin kan zama toka da rana tsaka.

Masifa ɗaya ce, amma faɗuwar ba ɗaya ba. Mai shago goma a kasuwa uku, da gida a Nasarawa, da mai ba shi kaya a Guangzhou da ya yarda da shi, zai buɗe bayan wata biyu. Yaron da aka sallama bara, duk abin da ya mallaka na cikin shagon, rabi ma na maigida ne. Shi ya koma dako da bashi a wuya. Abin da haraji ya kamata ya saya ke nan: motar kwana-kwana mai ruwa a ciki da hanyar da za ta shiga, magudana da aka yashe kafin damina, wayar lantarki da ba ta haɗuwa, asibitin da haihuwar tiyata ba za ta cinye jari ba, makarantar gwamnati da ɗan mai baro zai fito ya iya karanta rasit. Mai kuɗi ya riga ya saya wa kansa duk waɗannan: rijiyar burtsatse, sola, mai gadi, makarantar kuɗi, asibitin Alƙahira. Shi ya sa bai ga dalilin biya ba, kuma in ya ce "me aka yi da wanda aka karɓa?" tambayarsa na kan hanya. Sai dai shi yana da hanyar zillewa, mai tebur ba shi da ita.

Sabuwar doka, zakka, da abin da ke hannun jiha

Dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, bayan aikin kwamitin Taiwo Oyedele, sun yafe Naira 800,000 ta farko a samun shekara, suka fara da kashi 15 a kan abin da ya biyo baya, har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wannan tsari ne mai hawa-hawa, kuma ya fi na da adalci. Amma mu tuna inda Arewa ta zuba ƙarfinta a muhawarar. Gwamnoninmu da suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 rabon VAT tsakanin jihohi ne ya dame su, aka yi ta ja har aka tsaya a kan kashi 50 daidai-wa-daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. An yi faɗa a kan yadda za a raba tuwo a sama. Yadda ake tatsar mai baro a ƙasa bai sami rabin wannan hayaniya ba, alhali shi ne ke hannun jiha da ƙaramar hukuma.

Wasu za su ce zakka ta wadatar. Alƙur'ani ya tabbatar da cewa Allah ya fifita wasu a kan wasu a arziki, ya kuma yi hani da dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Bakano ya fi haddace na farkon. Ɗaya cikin arba'in na kayan cinikin Kwari da Singa ba ƙaramin abu ba ne, kuma jihar na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Amma yawancin masu fitarwa da hannunsu suke rabawa, a ƙofar gida, 'yan dubbai ga mutum ɗari-ɗari, kuɗin cefanen kwana uku. Malaman fiƙihu da dama sun yi bayanin ba mabuƙaci abin da zai fitar da shi daga buƙata, mai sana'a a ba shi kayan sana'arsa. Zakkar layi ɗaya a Kwari, in aka haɗa ta, za ta sallami yara da dama da ba su da maigida, ta biya wa irin saurayin teburin shayin nan kuɗin kekensa ya huta da balas. Zakka dai ba ta gina kwalbati, masu cin ta takwas ne sanannu, don haka ba ta ɗauke wa haraji aikinsa.

Abin da nake ba da shawara bai buƙaci jiran Abuja ba. A haɗe kuɗaɗen bakin titi su zama ɗaya, a biya ta waya, a yafe wa mai baro da mai talla da duk wanda jarinsa bai wuce abin da zai ɗauka a ka ba. A ware wani sanannen kaso na abin da aka tara a kowace kasuwa ya tsaya a cikinta, a liƙa lissafin shiga da fita a bakin ƙofa duk wata, ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa hannu. A mayar da sallamar yaron shago yarjejeniya a rubuce da shaidu, kamar yadda maƙwabtanmu na Sabon Gari ke yi. Giɓin da yafewar za ta bari kuma a cike shi daga gini. Mai tebur na iya naɗe kayansa ya gudu in ya hango masu tikiti, filaza mai hawa uku ba ta zuwa ko'ina, kuma gwamnati ce ta ba ta takardar fili da izinin gini. Ma'aikata goma da littafi za su iya ƙirga shagunan da ke tsakanin titin Ibrahim Taiwo da titin France, da sunan mai kowane gini da abin da yake karɓa a shekara, kafin damina mai zuwa.